Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Ilimi Da Lafiya Kan Ƙibar Da Ke Kama 'Yan Firamarenmu A Zango

Zuwa ga Daraktocin Ilimi da na Lafiya na gundumomin Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, da jami'an shirin lafiyar makarantu na SHEP, da shugabannin makarantun firamare na gwamnati da na kuɗi da na Islamiyya da ke Nima, Mamobi da Newtown a birnin Accra.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da malaman da ke ƙarƙashinku. Mun san kayan da ke kanku ba kaɗan ba ne. Allah ya taya ku riƙo.

Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Awon jarirai da allurar rigakafi na yi a lungunan nan har na ajiye aiki, yanzu kuma raka jikoki makaranta ne aikina. Na rubuto ne da yawun iyaye mata da kakanni da muke haɗuwa wurin adashi da wurin ta'alim: masu koko da ƙosai, masu waakye, teloli, 'yan kasuwar Nima, har da wasu da ke kasa abinci a ƙofar makarantunku. Su suka ce tunda ni na san sikeli, ni zan riƙe alƙalami.

Abu biyu ne suka faɗo a zangon karatu ɗaya suka tayar da maganar. Yara daga makarantu daban-daban suka riƙa dawowa gida suna cewa an daina fita darasin motsa jiki na PE, an ba lissafi da Turanci lokacinsa. A daidai nan kuma teburan lemo da biskit suka ƙaru a bakin ƙofofi, wasu ma a cikin haraba. An rage wa yaro motsi, an matso masa da zaƙi. Telolin cikinmu ne suka fara lura, don su ake kawo wa yunifom a ce a buɗa ƙugu, ba a ƙara tsawo ba.

Kada a ce ƙorafin tsofaffi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima. Zuwa 2022 abin ya kai kashi 20, wato fiye da miliyan 390. A watan Satumba na 2025 UNICEF ta sanar cewa a karon farko, a faɗin duniya, masu ƙiba a cikin yaran da suka isa makaranta sun fi masu rama yawa. A nan gida, binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna rabin matan Ghana masu shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Matan nan 'yan firamaren jiya ne. Ku shiga gidajen Zango ku tambaya wa ke shan maganin hawan jini, wa aka yanke wa yatsa saboda suga, wa ake yi wa karo-karon kuɗin wankin ƙoda. Ba za ku yi nisa ba ku samu. Yaron da ya tashi da ƙiba galibi da ita yake girma, kuma ciwon sugan da a da muke kira na manya, yanzu likitoci suna ganinsa a jikin 'yan shekara goma sha.

Kokenmu na farko, kuma mafi girma, bakin ƙofa ne. Muna roƙon ɗayanku ya ajiye mota nesa, ya tako da ƙafa ya tsaya a ƙofar firamare lokacin da aka kaɗa ƙararrawar hutu. Zai ga ɗan aji uku ya fito a guje da takardar sidi biyar ko goma dunƙule a hannu. Ga abin da aka jera masa daidai tsawon idonsa: kula cike da lemon roba ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, biskit mai kirim, alawa, soyayyen sosej a tsinke, bofrot, taliyar leda da aka soya har tana ƙyallin mai. Mai keken askirim yana gefe yana matsa ham. Mai lemon ɓawo da ayaba da kankana, in ma akwai ta, tana can ƙarshen layi kusa da kwata. Yaron ba wawa ba ne. Da kuɗin da ke hannunsa, abin da ya fi zaƙi, ya fi launi, ya fi kusa, shi zai saya.

Ga lissafin. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi 9. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5. Ga ɗan firamare, kashi 10 ɗin nan cokali 10 ne zuwa 11. To gwangwani ɗaya ya kusan cinye rabon yini, alhali tun da safe an riga an tsuga masa sukari a koko ko shayi. Haɗarin abin sha shi ne ba ya tare ciki: yaro ya shanye, yunwarsa na nan, ya nemi abinci a kai. Taliyar leda ma tataccen gari ne da aka soya tun a masana'anta, ga gishiri jingim, babu wake babu ganye, kafin a tashi ya sake jin yunwa. Kuma kada mu yi son kai: sobolo da burkina da lamurji namu na gida, yadda ake cika musu sukari yanzu don su shiga kasuwa, ba su da bakin yi wa lemon kwalba gori.

Masu sayar da abincin nan ana sa su gwajin lafiya, a duba taifot da makamantansa, a ba su takarda. Daidai ne. Amma takardar tana amsa ko abincin zai sa yaro gudawa gobe ne kawai. Abin da zai yi masa nan da shekara ashirin ba mai tambaya.

Na biyu, darasin kansa. Tun 1992 Hukumar Ilimi ta Ghana ta kafa SHEP, kuma a tsari kowace makaranta tana da malamin da aka ɗora wa kula da lafiya. Ba za mu ci haƙƙinsu ba: duba farce da haƙori, wanke hannu, maganin tsutsar ciki, duk mun ga amfaninsu. Amma da an zo kan abinci sai abin ya koma hadda. Jikata 'yar aji huɗu tana jero rukunonin abinci da Turanci ba gargada. Na ajiye mata tuwon zafi da miyar ayoyo da kifi, na ce ta nuna mini wanne ne mai gina jiki, wanne ne mai kare shi daga cuta. Ta yi ta kallon kwanon, can ta ce ai ba wannan aka koya musu ba, nasu tuffa ne da madara da burodi. Yarinya ke nan za ta tashi da tunanin abincin lafiya yana cikin manyan kantuna masu sanyi, abin da kakarta ke tuƙawa kuwa na talauci ne. Alhali waakye da ganye da ƙwai, ko tubani, ko miyar alefu da kontomire, sun fi duk abin da ke cikin leda mai walƙiya.

Abin takaicin, kayan aikin suna nan. A wurin awo mun daɗe muna koya wa iyaye abinci mai taurari huɗu: tauraro ɗaya na hatsi da doya da rogo, ɗaya na wake da gyaɗa da agushi, ɗaya na ganye da 'ya'yan itace, ɗaya na kifi da nama da ƙwai. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba tana kama shi a zama ɗaya, ta koma gida tana ƙirga taurarin tukunyarta. A watan Fabrairu na 2023 kuma ƙasar nan ta ƙaddamar da nata jagoran cin abinci, wanda aka gina kan abin da muke nomawa muke ci. Malaman da muka tambaya, da yawansu ba su taɓa riƙe shi a hannu ba.

Sannan yaro da ido yake koyo. Malamin da ya gama rubuta illar sukari a allo, ya aiki ɗalibi ya sayo masa lemo mai sanyi ya sha a gaban aji, ai ya goge abin da ya rubuta. Wanda ya zo na ɗaya alawa ake ba shi. Kusan duk mako akwai mai bikin ranar haihuwa da ke raba wa aji ƙunshin biskit da lemo. Shagalin Our Day na ƙarshen zango ba mu da ja a kansa, yini ɗaya ne, a bar yara su sha daɗinsu. Amma a koyar da minti talatin a aji, sauran yinin kuma ƙofa da kyauta da malami su koyar da akasinsa, ɗiban ruwa ne da kwando.

Na uku, zama. Ku bi yinin yaron Zango daga farko zuwa ƙarshe. Ya tashi sallar asuba, ya yi wanka, a sa shi a trotro ko bayan babur. Ya zauna a benci tun kafin ƙarfe takwas har azahar ta gota, a ɗora masa darasin ƙari na kuɗi. Ya dawo ya cire yunifom ya sa jallabiya, ya tafi makarantar allo ya zauna har magariba. Asabar da Lahadi da safe ma can yake. Da dare aikin gida, sai waya ko talabijin har barci ya sace shi. Ina sa'a ɗaya ta gudu da tsalle da zufa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mai shekara 5 zuwa 17 yana bukata kullum? Ba mu ce a rage karatun boko ko na addini ba, mu muka fi kowa son su. Amma PE yana cikin manhajar firamare da aka fara aiki da ita a 2019, darasi ne mai zaman kansa, ba alfarma ba. Laifinsa ɗaya, ba a jarraba shi a BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, don haka duk sa'ad da aka rasa inda za a cusa wani abu, shi ake yankawa.

Fili ma ya zama aiki. Makarantun kuɗi da yawa gidajen haya ne aka mayar azuzuwa, tsakar gidan ko layin asambuli ba ya ɗauka. Inda ake da fili, ko an kafa gini a kai, ko motoci sun mamaye, ko rumfunan biki da na makoki. Nima ce ta haifi Mohammed Kudus, a ƙurar unguwar nan ya fara taka leda. Yaran da ke sa rigarsa yau sun fi buga ƙwallo a waya. 'Yan mata abin ya fi shafa. Da yarinya ta kai aji biyar sai a fara ce mata ta girma da tsalle, ampe ya zama rashin kamun kai. Kayan wasannin makaranta kuma gajeren wando ne da iyaye da yawa ba za su lamunta ba, sai ta zauna a inuwa tana gadin jakunkunan maza.

Na huɗu ya shafi aikina, shi ya sa ya fi ci mini rai. Daga haihuwa zuwa shekara biyar muna auna yaro, mu rubuta a littafin awo, mu ja layi, uwa ta gani da idonta ko hawa yake ko sauka. Da ya cika biyar sai a jefa littafin ƙasan akwati, ba mai sake ɗora shi a sikeli sai ya kwanta ciwo. Shekarun firamare kaf, lokacin da ɗabi'ar ci ke kafuwa, ba wanda ya san inda aka kwana.

Wata maƙwabciya ta kawo mini 'yarta, ba ta wuce shekara goma ba, wai in faɗa mata sabulun da zai fitar da dattin wuya. Bayan wuyan yarinyar da hammatarta sun yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi. Uwar ta dirje da soso har wurin ya saɓule, ta sa lemon tsami, ta sa toka, tana yi mata faɗan ƙazanta. Ba datti ba ne. Alama ce da ke fitowa idan jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi inda za a yi amfani da shi. Sai jiki ya yi ta ƙara zubo shi, yawansa ne ke mayar da fatar haka. Sau da yawa gargaɗi ne tun kafin ciwon suga ya kama. Yarinyar tana minshari da dare, tana gyangyaɗi a aji, gwiwa na damunta in ta hau bene. Na tura su asibiti. Abin da ya tsaya mini a rai, kullum wuyan nan yana gaban malamai, ranar duba tsafta har an taɓa dukanta a kansa, don ba wanda aka koya wa ya gane shi.

'Yan ajinsu obolo, wato mai ƙiba, suke kiranta, wani malami ma da sunan yake kiranta a yi dariya. Sai ta daina gudu don kada a kalle ta, ta daina karyawa a gida, yunwa ta ci ta, ta je ta cika ciki da biskit a ɓoye. Duk wanda ya ce gori yana sa yaro ya rage jiki bai zauna da irin waɗannan yaran ba.

Ba mu zo mu jibge muku komai mu kakkaɓe hannu ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A gidajenmu har gobe yaro mai kumatu shi ne shaidar uwa ta iya reno, siriri kuwa sai dangin miji su fara tambaya ko ba a ba shi abinci ne. Akwai masu zuwa kemis su sayo ruwan maganin buɗe ciki su ɗura wa yaron da lafiyarsa ƙalau. Akwai ma masu haɗawa da ƙwayar dexamethasone, wadda ke kumbura fuska ta tayar da suga da hawan jini, a ce yaro ya yi kyau. Uwar da ke fita kasuwa tun duhun asuba ba ta da lokacin dafa abin tafiya makaranta, kuɗi take danƙa masa. Amma ku duba tushen abin. Mu da muka ga 1983, shekarar fari da gobarar daji, ga 'yan'uwa kusan miliyan da aka koro daga Najeriya, muka ga ƙasusuwan wuyan manya a waje, muka bi layin dokunu tun bai dahu ba, ba a saurin shawo kanmu mu hana jika abin da ya miƙo wa hannu. Gudun gara ne ya kai mu gidan zago. Irin wannan tunani ba ya gyaruwa da takardar Turanci da aka cusa a jakar yaro, sai an zauna da iyaye da kakanni ido da ido.

A kuma yi hattara da saƙon. A benci ɗaya da mai ƙibar nan akwai wanda bai karya ba, akwai wanda ya tsumbure. Wani lokaci ma mai ƙibar ce ke da ƙarancin jini, don ciki ya cika amma ba da abin kirki ba. Wanda ya shiga ajin nan ya ce "ku rage ci" ya yi ɓarna. Maganar ita ce me ake ci, me ake sha. Shirin ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2005 zai iya taimakawa, sai dai ko bayan ƙarin da aka yi a kasafin 2025, sidi 2 ne kuɗin kwanon yaro, abin da bai sayi dafaffen ƙwai a bakin titi ba. Mai dafawa shinkafa za ta tula, ta ɗiga miya.

Ga abin da muke roƙo.

A kafa ƙa'ida a rubuce kan abin da za a sayar a cikin makaranta da bakin ƙofarta, ta hau kan ta gwamnati da ta kuɗi. Lemon kwalba da na roba da na ƙara kuzari su fita daga harabar firamare. Ƙasar Cile ta hana sayar da kayan da sukari ko gishiri ko kitsensu ya yi yawa a makarantu tun 2016, Meziko ta bi sahu a watan Maris na 2025. Amma muna faɗa da babbar murya: kada a turo masu kwashe kaya su kifar da teburan mata. 'Yan'uwanmu ne, da cinikin nan suke biyan kuɗin makarantar nasu 'ya'yan, kuma in an kore su yau, gobe za su koma bayan katanga, yara su bi su. A kira su taro, a ba su wa'adin zango guda, a nuna musu abin da zai maye gurbi kuma ya yi riba: dafaffen ƙwai, gyaɗa, gasasshiyar agada, dafaffiyar masara, wake da gari, kankana da abarba a yanka ƙanana, sobolo mai sauƙin sukari. Ranar gwajin lafiya a ƙara musu sa'a guda ta bayani kan mai da gishiri da sukari kafin a miƙa takarda. Waɗanda ke cikinmu sun ce sun yarda, muddin dokar ta hau kan kowa, ba wata ta bari maƙwabciyarta ta kwashe ciniki ba.

A sa ruwan sha kyauta a kowace makaranta. Yara da yawa ƙishi ne ke kai su wurin kula, in kuwa dole sai sun biya, mai zaƙi za su ɗauka. Da aka buɗe makarantu a Janairun 2021 bayan korona, bokitin Veronica mai famfo ya shiga lungu-lungu don wanke hannu. Hukumar da ta iya wancan za ta iya wannan.

A mayar wa PE lokacinsa, masu zagayen duba makarantu su riƙa zuwa ranar da yake kan jadawali, su ga yara a waje da idonsu, ba a rajista ba. A ƙara da minti 15 na motsa jiki kullum ga kowa. Ampe da pilolo da langa da tsallen igiya ba sa cin ko pesewa. Makarantar da ba ta da fili a haɗa ta da mai shi, ko a ware wa 'yan firamare sa'o'in safe a filin Kawukudi da filayen roba ba tare da biya ba. 'Yan mata a yarda su sa dogon wando da riga mai yalwa da ƙaramin hijabi, a samu malama ta tsaya musu, za ku ga iyaye sun saki jiki.

A sauko da darasin abinci daga allo zuwa kwano. Malami ya shigo aji da kwalbar lemo da sukari da cokali, ya sa yara su karanta bayan kwalbar, su auna cokulan da hannunsu su tara a faranti. Wanda ya ga tulin nan sau ɗaya ba ya mantawa. A sa su ƙirga taurarin abin da suka ci jiya da dare. A ba kowane malamin SHEP kwafin jagoran 2023 da horo a kansa. Sannan a fito da maganar waje: taron PTA a yi shi da Hausa da Twi da Ga da duk harshen da iyayen wurin ke ji, a shiga shirye-shiryen Hausa na rediyo, a bi ta Sashen Ilimin Musulunci a kai wa limamai da malaman allo. Su ba sai an koya musu hujja ba. Ayar da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, da hadisin raba ciki uku, sun fi mu sanin su. Cokulan nan kawai za a nuna musu, a roƙe su su ma su bar yara su miƙe ƙafa tsakanin darasi da darasi, a kuma tuna da maganar kafin azumi, lokacin da lemo ke kwarara a kowane buɗa-baki.

A riƙa auna tsawo da nauyin kowane ɗan firamare sau ɗaya a shekara. Ma'aikatan jinya na unguwa su yi, a ɗaki, ba a gaban aji ba, kuma a duba a jadawalin shekaru da jinsi, domin ido yana ruɗi, ma'aunin manya kuma ba ya aiki a kan yaro. Sakamakon ya tafi hannun uwa ko uba tare da bayani, wanda ke bukatar likita a tura shi, mai rama da mai ƙiba duka. A koya wa malamai alamomi kaɗan: baƙin wuya, yawan ƙishi da fitsari, gyangyaɗi, haki daga ɗan motsi. Jimillar alƙaluman kowace gunduma a bayyana ta, ba sunan yaro, mu san ko gaba muke ko baya. Malamin da ya kira yaro da sunan jikinsa kuwa, a ja masa kunne a rubuce.

Za ku ce ina kuɗi. Yawancin abin da muka kawo umarni yake bukata. Wanda ke son kuɗin, wato ruwa da sikeli da horo, muna tuna muku cewa tun 2023 majalisar dokoki ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai sukari, kuma yaranmu suna cikin masu biyansa da kuɗin karyawarsu. Ku da kuke da hanyar rubuta wa ma'aikatu, ku nemi a yanko wani abu a dawo da shi makarantu, mu kuma za mu bi 'yan majalisarmu da maganar.

Muna roƙon a sa mana ranar zama kafin hutun ƙarshen zangon nan, a kowace makaranta kuka zaɓa, a gayyato masu sayar da abinci da malaman allo da shugabannin PTA. A cikinmu akwai tsofaffin ma'aikatan jinya da malamai da suka ce za su yi aikin awo da tafinta kyauta. Kowace rana ta yi mana ban da Laraba. Ranar kasuwar Nima ce, ba za ku samu kowa ba.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
a madadin iyaye mata da kakanni na Nima, Mamobi da Newtown, Accra.